Yadda zaka haɗa karatu da yawon buɗe ido a Sifen, daga wanda yayi shekara a Granada

Tunda na dawo ƙannena da abokai ke ta tambayata ya akeyi, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya samu. Ni Granada na zauna, a kudancin Sifen, yankin da har yau suke kira Andalusiya, jami'ar garin tun 1531 aka kafata kuma tana da cibiyar koyon harsuna inda baƙi irinmu ke fara zama.

Abu na farko, dan Allah karka sauka ka fara yawo. Takardu tukunna. In bizarka ta wuce wata shida dole ka nemi katin zama da suke cewa TIE cikin kwana 30 da shigowarka, kuma kafin nan kana buƙatar rajistar adireshinka a ofishin magajin gari, wato empadronamiento, shi kuma bazai yiwu ba sai kana da ɗaki da takardar haya a hannu. Kaga kenan abun sarƙa ne, ɗaki, rajista, sannan kati. Kusan kowane ofishi sai ka kama lokaci a intanet, cita previa suke cewa, ka fara nema tun satin farko domin wuri na wuya. Maganar ɗaki kuwa ɗalibai haɗuwa sukeyi su uku su huɗu su kama gida ɗaya, ana biyan kuɗin ajiya na wata guda, fianza. Karka turawa kowa kuɗi kana gida baka ga ɗakin ba. Ni saura kaɗan in tura ma wani da ya turomin hotuna masu kyau yana cewa akwai mutum biyar na jira, Allah ya taimakeni na ce sai na gani da idona, daga ranar bai ƙara amsa saƙona ba.

Sai yare. Kar wani ya ruɗeka cewa Turanci zai isheka, mai shago da direban bas da tsohuwar da ke maƙwabtaka daku Sifaniyanci kawai zasu maka, kuma mutanen Granada haɗiye ƙarshen kalma sukeyi, gracias ɗin da ka koya a littafi zakaji ance grasia. Wata biyun farko kunne zai sha wahala, ka daure. Abinda ya sakamin son yaren shine yadda nake tsintar kalmomin gida a ciki, magajin gari suna ce masa alcalde, asalinta ɗaya da alƙali namu, hasta ɗinsu kuma hatta ce, duk daga Larabci. Ka nemi irin zaman musayar yare da ɗalibai keyi, intercambio, kai ka koya musu Turanci su su gyara maka baki, ya fi aji sauri wallahi.

Abinci ne wajen da zaka buɗe ido sosai, domin alade na cikin kusan komai. Ka haddace waɗannan tun a jirgi: cerdo, jamón, chorizo, tocino, manteca. Kuma in kace sin cerdo, wato banda alade, ka ƙara da sin jamón, wato banda busasshen naman cinyar alade, wasu basa lissafa shi cikin nama, zasu yayyafa maka akan wake ko miya da zuciya ɗaya. A Granada in ka sayi abin sha ko lemo ne ana haɗo maka ɗan abinci kyauta, tapas, ka faɗa musu tun kafin su kawo. Naman halal kuwa ba matsala, ka bi titin Elvira da Calderería Nueva akwai mahauta da shagunan 'yan Maroko da gidajen shayi. Lokacin cin nasu ma daban ne, abincin rana sai biyu zuwa uku, na dare tara ko goma, ƙananan shaguna su rufe da rana sai wajen biyar, ranar Lahadi kuma yawanci a kulle. A watan Yuni magariba takan wuce tara da rabi, in azumi ya faɗo lokacin zafi ka shirya. Da sanyi kuma kazo da rigar kirki, garin na gindin dutsen Sierra Nevada ne, ƙanƙara kake hangowa daga taga.

Yanzu yawo. Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na Granada, ba'a tashi da safe ace yau zani, tikiti na ƙarewa makonni kafin ranar, ka saya a shafinsu na asali kuma ka tafi da fasfo. Tikitin na ɗauke da lokacin shiga fadar sarakunan Banu Nasr, in ka makara shikenan bazasu barka ba, saboda haka ka fara da fadar, lambun Generalife ya biyo baya. In ka shiga karka biye ma masu ɗaukan hoto suna gudu. Ka tsaya ka karanta bango. Duk wanda yayi makarantar allo zai iya, wala galiba illallah aka sassaƙa ana ta maimaitawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ni na sa ido a guda ɗaya kusa da farfajiyar zakuna na karanta a hankali, wata Bajamushiya ta tambayeni me aka rubuta, ina faɗa mata naji muryata na rawa. A watan Janairun 1492 sarkin Musulmi na ƙarshe ya miƙa wa sarakunan Kirista makullan garin, rubutun kuwa yana nan.

Da yamma ka hau unguwar Albaicín da ƙafa, takalmi mara santsi domin duwatsu ne, ka tsaya a dandalin San Nicolás ka kalli Alhambra rana na faɗuwa. In cunkoso yayi yawa ka matsa gefe kaɗan, babban masallacin garin da aka buɗe a 2003 yana nan manne, lambunsa na kallon wuri ɗaya kuma shiru, kayi alwala kayi magariba a nan.

Sauran garuruwa ka rabasu a ƙarshen mako, ɗaya bayan ɗaya, bas ɗin ALSA yafi jirgin ƙasa araha in ka saya da wuri. Córdoba ta fi cancanta, saboda masallacin da sarki Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, amma ka sani tun 1236 coci ne, masu gadi basa barin sallah a ciki, kar kaje kayi rigima, ka shiga da natsuwa ka kalli ginshiƙan. Sevilla kwana ɗaya ko biyu ya isa, ka hau Giralda wadda asalinta hasumiyar masallaci ce. Jaén mutane basa damuwa da ita, ni naje ne kawai don nan aka haifi Ibn Malik mai Alfiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, na ɗauki hoton allon sunan garin na turawa kawuna.

Abu ɗaya da zan roƙeka, karka fita Sifen zuwa Faransa ko Italiya kafin katinka ya fito in bizar ta kusa ƙarewa, dawowa zata iya zame maka aiki. Kuma ka duba jadawalin jarrabawa kafin ka sayi kowane tikiti, ta zangon farko a Janairu take, hutun Disamba na karatu ne, tafiyar nesa ka ajiyeta sai hutun Semana Santa, wato makon Ista.