Yadda na gyara bidiyon walima mai ƙiftawa

Na ɗauki bidiyon walimar auren ƙanwata a wani zaure da ke Agege, amma da na buɗe shi a kwamfuta sai na ga haske yana ƙiftawa, farar shaddar ango tana yin duhu tana washewa, ga kuma ɗige-ɗige kamar yashi a fuskokin baƙi saboda na ɗaga ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 3200. Matsalar daga saitin kyamara take: lantarkin Najeriya yana zagayawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun zauren suna ƙiftawa sau 100, ni kuwa na bar kyamarar a firam 30, wato hotuna 30 a daƙiƙa, irin na Amurka.

A manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve Studio na sa Deflicker mai rage ƙiftawa, na zaɓi saitin Fluoro Light, ƙiftawar ta ragu sosai. Inda ta ƙi, wato bayan an koma janareta, sai na kwafi bidiyon na ɗora kwafin a kan na asalin, na matsar da shi firam ɗaya, na rage ganuwarsa zuwa kashi 50. Ɗige-ɗigen kuwa Temporal NR, wanda ke kwatanta firam da na kusa da shi, ya share su da na sa shi a firam 2. Da na ƙara yawan firam ɗin, zanen lallen amarya ya fara dishewa, abin da ba zan lamunta ba. Yanzu a firam 25 nake ɗauka, shata kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam, 1/50 na daƙiƙa.