Yadda nake haɗa 'yar laimar Japan da tsinke da takarda

Laimar takarda ta mutanen Japan sunanta wagasa. Da gora ake yi mata haƙarƙari, a lulluɓe da takardar hannu da suke kira washi, a shafe da mai a shanya don kada ruwa ya ratsa. Birnin Gifu ne cibiyar sana'ar, kuma unguwar da ta yi suna a kai, ikon Allah, Kano ake ce mata. Ni 'yar ƙarama nake yi, faɗinta bai wuce na faranti ƙarami ba, ta ado a ɗakin amarya. A buɗe take zama, ba ta rufuwa.

Ki nemi tsinken tsire na gora, da takarda marar kauri irin ta naɗe kyauta, da zare da reza, duk a kasuwar Taminus ta Jos nake saye. Sai busasshen karan dawa da sitacin rogo.

Ki yanko guntun kara biyu, kowanne kaurin yatsa, ki zura tsinke ɗaya ta tsakiyarsu, shi ne mariƙi. Guntu ɗaya a can sama, ɗaya ƙasa da shi da santimita 3. Ki tsaga tsinkaye biyu-biyu, ki kankare su, ki fitar da 12 masu tsawon santimita 8, ki soka su kewaye da karan sama kamar lambobin agogo, bakinsu ya ɗan sunkuyo. Gajeru 12 kuma su taso daga karan ƙasa su tokare dogayen, ki ɗaure mahaɗar da zare.

To, a nan aikin yake. Ki zagaya bakin tsinkayen da zare ɗaya, kina naɗawa sau biyu a kan kowanne, tazarar ta zama daidai wa daida. Ni guntun kwali nake yankawa in riƙa aunawa tsakanin kowane biyu. Laimata ta farko da ido na auna, da na liƙa takarda sai gefe ɗaya ya yi tumbi, ɗayan ya yage. Wallahi na ji zafin aikin wuni guda. Kada ki taɓa takarda sai kin ɗaga laimar saitin taga kin ga da'irarta ta cika.

Sitacin ki dama shi kamar koko mai ɗan kauri, ya huce. Kada ki raina shi, masu wagasa da dama a Japan yanzu da sitacin rogo suke liƙi. Gam ɗin kanti yana ƙanƙance takarda, kuma ba ya ba ki damar gyara. Ki yanka takardar gida huɗu kamar yankan kankana, kowane yanki ya rufe tazara uku. A jikin tsinke ake shafa sitacin, kaɗan, da gashin kaza, sannan a ɗora takarda a bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Rarar baki ki lanƙwasa ta kan zaren.

In kina son irin da suke kira janome, wato idon maciji, ki liƙa farin zobe a kan jan takarda. Gajerun tsinkayen ciki kuma ki saƙa su da zare mai launi, haka suke ƙawata nasu.

Mai kam ki bar shi, balle man gyaɗa da ba ya bushewa. Da damina, irin ruwan Agusta na Jos, kwana biyu nake ba laimar ta bushe a cikin ɗaki. Da hunturu kwana ɗaya ya isa, amma ki kifa mata kwando, don iskar nan tana tsaga takarda tun sitacin bai kama ba.