Darasi: Neman Maganin Rage Ƙiba Lokacin da Ya Yi Wuya

Maganin rage ƙiba da ake ta maganarsa yanzu allura ce da ake yi sau ɗaya a mako, a fatar ciki ko cinya ko dantse. Sinadarinta ana kiransa semaglutide. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke yin ta da suna biyu: Ozempic domin masu ciwon suga, Wegovy domin rage ƙiba. Akwai kuma Mounjaro ta kamfanin Eli Lilly na Amurka. Aikinsu shi ne rage kwaɗayin abinci da jinkirta narkewarsa, sai mutum ya ci kaɗan ya ji ya ƙoshi.

Tun daga 2022 masu nema suka fi ƙarfin abin da ake sarrafawa, maganin ya yi ƙaranci a duniya. A farkon 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta ce ƙarancin ya ƙare a can. Mu nan kuwa, kaya ne na shigowa da dala: yau akwai, gobe babu. Inda abu ya yi wuya, nan 'yan jabu ke baje koli.

A fara da likita

Ba kowane mai teɓa ne wannan allura ta dace da shi ba. Likita zai auna nauyi da tsayi. Ga lissafin: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da aka samu. Mace mai kilo 90 da tsayin mita 1.65, tsayinta sau kansa ya ba da 2.72, a raba 90 da shi a samu 33. Ana ba da maganin daga 30 zuwa sama, ko daga 27 idan akwai hawan jini ko ciwon suga.

Mai juna biyu ba ta yin ta. Wadda ke neman haihuwa sai ta daina wata biyu kafin nan. Haka kuma ba a yi wa wanda a danginsa aka taɓa samun wani nau'in ciwon daji na halittar nan ta gaban wuya, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo. Waɗannan tambayoyi mai talla a WhatsApp ba zai yi muku su ba. A Zariya akwai likitocin ciwon suga a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma likitan asibitin unguwa na iya rubuta takardar turawa can.

Inda za a saya

A tafi da takardar likita zuwa famasi mai rajista, wanda ke da mai harhaɗa magunguna a ciki da lasisi a bango. Ƙaramin kemis na bakin layi, doka ba ta ba shi izinin sayar da irin wannan magani ba, ko da maƙwabcinku ne kun yarda da shi. Idan an ce babu, ku tambayi ranar da kaya za su iso, ku bar lambar waya. A karɓi rasit kullum.

Kada a bar shagon sai an duba kwali. A nemi lambar rajistar NAFDAC, lambar rukuni, da ranar ƙarewar wa'adi. Lambar rukunin da ke jikin kwali dole ta yi daidai da ta jikin biron allurar, wato abin nan mai kama da biro da maganin ke ciki. Ruwan ciki garau yake, babu launi, babu gurɓata.

Sannan a dubi biron da kyau, nan ne aka fi yin ha'inci. Biron Ozempic na gaskiya, idan aka murɗa gindinsa, tagar tana nuna miligiram kamar 0.25 ko 0.5, kuma biron ba ya ƙara tsawo. Wanda ya miƙe yana fitowa, lambobi na hawa 10, 20, har 80, wannan biron insulin ne, allurar sauke suga ta masu ciwon suga, aka sake wa takarda. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi irin wannan, sugansu ya faɗi warwas. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. In ya kai can, to Sabon Gari ba ta yi masa nisa ba.

Alamar faɗuwar suga ita ce gumi, rawar jiki, jiri, bugun zuciya. A ba mutum babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a nufi asibiti da biron a hannu. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki.

Sanyi

Ko na gaskiya ne, zafi na kashe shi. Kafin a buɗe, wurinsa firij, tsakanin digiri 2 da 8. Ku tambayi mai famasi kai tsaye: in an ɗauke wuta, da me firij ɗinku ke aiki, sola ko janareta? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. A ɗauko shi gida a cikin kula da ƙanƙara, amma a naɗe kwalin da tsumma, domin in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Biron Ozempic da aka fara amfani da shi yana kai kwana 56 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Ɗakin kwano a Tudun Wada cikin Maris da Afrilu ya wuce haka nesa, don haka a bar shi a firij.

Idan naku ya yanke

Ana farawa da 0.25 na mako huɗu, sannan 0.5, a riƙa hawa sannu a hankali domin ciki ya saba. Wanda ranar allurarsa ta Ozempic ta wuce yana iya yi cikin kwana biyar. In an haura haka sai a jira ranar mako mai zuwa. Ba a haɗa biyu don a rama. Wanda ya yi makonni bai samu ba, kada ya koma kan babban awon da ya tsaya. Amai da gudawa za su kayar da shi, ruwan jiki ya ƙare, ƙoda ta wahala. Likita kan mayar da shi ƙasa a sake hawa.

Likita na iya sauya magani. Akwai Saxenda, allurar kullum. Akwai ƙwayar orlistat, miligiram 120 tare da abinci, mai hana kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙo shiga jiki. Wanda ya sha ta ya ci ƙosai da soyayyen nama zai gane a bayi. Mai ciwon suga kuma a ranar da allura ta yanke zai koma asibiti, ba sai mako ya zagayo ba.

Abu uku ne ba a yi komai matsi. Ba a raba biro ɗaya da wani, ko an sauya tsinke, saboda cututtukan jini. Ba a sayen ruwan da aka ɗura a kwalba marar suna ana zuƙa da sirinji. A Amurka an samu waɗanda suka yi wa kansu ninki goma na awo ta wannan hanya. Ba a kuma maye gurbi da shayin rage teɓa, domin an sha samun sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki.

Ciwon ciki mai tsanani da ke harbawa zuwa gadon baya, ko amai da ya ƙi tsayawa, a dakatar da allura a je asibiti a ranar. Biron da ake zargi kuma kada a jefar da shi. A mayar da shi kwalinsa tare da rasit, a kai ofishin NAFDAC na Kaduna ko a miƙa wa mai harhaɗa magunguna na asibiti.