Koyon piyano a sakandare: daga maɓalli na farko zuwa hawa dandamali

Wanda ya fara piyano yana ɗan shekara 13 ko 14 bai makara ba. Hannunsa ya girma, kuma yana iya zama rabin awa ba tare da an tsare shi ba. Gaggawa ce ke kayar da yawancin masu farawa.

Fara da sanin kayan. Cikakken piyano maɓallai 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36. Baƙaƙen a jere suke biyu-biyu da uku-uku, kuma da su za ka riƙa gane hanya: farin da ke hagun kowane biyu shi ne C, fararen da ke binsa ta dama kuma D, E, F, G, A, B, sai a koma C. Kibod, wato piyanon lantarki, mai maɓallai 61 ya isa shekarar farko, amma ka nemi wanda sautinsa ke ƙaruwa in an danna da ƙarfi, ya ragu in an taɓa a hankali. Saboda wannan siffar ce Bartolomeo Cristofori ya ƙera piyano a Italiya wajen 1700. Kibod ɗin da ba ya yin haka yakan bar yatsu ba su san nauyi ba.

Zauna a bakin kujera, ba jingine ba, hannunka daga gwiwa zuwa wuyan hannu a miƙe daidai da maɓallai. Lanƙwasa yatsu kamar kana riƙe da ƙaramar ƙwallo, ka yanke farce. Kujera in ta yi ƙasa, wuyan hannu ne ke lanƙwashewa, bayan minti goma sai ciwo.

Yatsu lamba gare su, babban yatsa 1, ƙarami 5. Hawa daga C zuwa C na gaba da hannun dama shi ne 1-2-3-1-2-3-4-5, da hagu kuma 5-4-3-2-1-3-2-1. Wurin da ake tuntuɓe shi ne inda babban yatsan dama zai kutsa ƙarƙashin na uku ya sauka a F. Masu farawa sukan ɗaga gwiwar hannu su yi tsalle, sai sautin ya yanke. Tun kana danna D ka fara tura babban yatsan ciki, ya isa F kafin a neme shi.

Minti 25 kullum ya fi awa uku ranar hutu, don hannu da maimaici yake riƙe abu. Biyar na hawa da sauka, goma sha biyar na sabon darasi, biyar na abin da ka riga ka iya. A sabon darasin kada ka riƙa komawa farko duk lokacin da ka yi kuskure. Haka ake samun ɗalibin da ya haddace layin farko sarai, na huɗu kuwa kullum yana ɗingishi. Ware gurbin da ke ba ka wahala, dama ita kaɗai, hagu ita kaɗai, sannan ka haɗa. Kunna metronom, na'urar da ke ba da bugu daidai-daidai don riƙe sauri, na waya ma ya yi, a bugu 60 a minti. Sai ka yi sau biyar a jere ba kuskure za ka ƙara bugu huɗu.

Fedar dama, abin da ake takawa da ƙafa don jan sauti, ka ƙyale ta watannin farko. Tana rufe kuskure, kunne ya saba da kwamacala.

Da ka iya danna C-E-G tare, da F-A-C, da G-B-D, ka samu abin raka waƙoƙi masu yawa, kuma a nan ne amfanin sakandare yake. Akwai ƙungiyar mawaƙa, akwai ta wasan kwaikwayo, duk suna neman makaɗi. Ka shiga tun ba ka ƙware ba. Raka mawaƙi yana tilasta maka sauraren numfashinsa, in ya tsallake layi ka bi shi ba tare da kowa ya lura ba. Ɗaki kai kaɗai ba zai koya maka wannan ba. 

Mako biyu kafin taron da za ka yi kiɗa a dandamali, ɗauki kanka a waya ka saurara. Za ka ji inda kake gudu, galibi wurin da ya fi sauƙi. Sa alama a wurare uku ko huɗu cikin kiɗan da za ka iya farawa daga kowannensu, don in kai ya ɗauke a dandamali ka tsallaka gaba, ba ka tsaya ba. Yi wa mutum biyu ko uku kiɗan tukuna, sanye da takalmin da za ka sa ranar. Ka kuma nemi izinin taɓa piyanon zauren ko na minti goma ne, don nauyin maɓallansa ba zai zama ɗaya da na wanda ka saba ba. Kafin ka danna na farko, ƙirga bugu huɗu a zuci, a saurin da ka yi atisaye da shi, don fargaba za ta so ta ƙara maka gudu.