Yadda Ake Ɗaukar Hoton Sankarar Baki da Hasken Terahaz

Ruwan da ke cikin nama shi ne abin da hasken terahaz, wani irin haske da ido ba ya gani, yake ganowa. Zangonsa yana tsakanin terahaz 0.1 da 10, kuma ba ya lalata ƙwayoyin halitta irin yadda eksire yake yi. Sai dai ruwa yana shanye shi ƙwarai, ba ya ratsa ɗanyen nama ko da milimita ɗaya. A baki wannan ya isa a fara aiki, domin kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar baki daga fatar da ta lulluɓe harshe, dasashi da cikin kumatu take tasowa, kuma naman da ya kamu ya fi lafiyayye ruwa.

A kunna lezar da na'urar ɗaukar hoton ke samar da hasken da ita, a bar ta ta daidaita, sannan a rufe akwatin na'urar a cika shi da busasshiyar iskar naitirojin. Idan aka tsallake wannan, tururin da ke cikin iska zai shanye hasken a wajen terahaz 0.56, 0.75 da 1.1, siginar ta cika da hayaniya. Daga nan a auna farantin kwatz (wani dutse mai kama da gilashi) da za a ɗora naman, babu komai a kansa, da wannan awon za a kwatanta sauran.

Wajen shimfiɗa naman da aka yanko daga bakin mara lafiya ne aiki ya fi lalacewa. A kawo shi ɗanye daga ɗakin tiyata, kafin ya taɓa fomalin, ruwan maganin da ake adana nama a ciki, domin fomalin yana sauya ruwan da ake son aunawa. A tsane jini da yawu a hankali, kada a matse. A kwantar da fuskar da aka yanka a kan farantin har ta manne ko'ina: ɗan kumfan iska ɗaya zai fito a hoto kamar wani ciwo na daban. Dannawa da ƙarfi kuma tana korar ruwa zuwa gefe. A yi sauri, naman yana bushewa tun yana kan faranti. Na'urar za ta bi shi ɗigo bayan ɗigo, tazarar rubu'in milimita ta wadatar, tunda tsawon zangon terahaz 1 milimita 0.3 ne, abin da ya fi haka ƙanƙanta da wuya ya fito sarai.

Idan ana son ganin ciki, a daskarar da naman. Ƙanƙara ba ta shanye terahaz kamar ruwa. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna a 2013 cewa a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri iyakar sankarar baki ta fi fitowa fiye da a zafin ɗaki. A kula da raɓar da ke taruwa a kan faranti mai sanyi, ita ma naitirojin ke hana ta.

Kumburi ma yana tara ruwa, don haka gyambon da haƙori ya jawo yana iya yin kama da sankara. Dole a yi wa naman alama ta gefen dama da hagu, a aza hoton kusa da abin da likitan nama, mai binciken cuta a naman da aka yanko, ya gani a maikuroskop. Hukuncinsa ake bi.

Terahaz ba ya kashe sankara, kuma har yanzu a matakin bincike yake. Amfanin da ake nema shi ne ya nuna wa likitan tiyata inda ciwon ya tsaya, ya samu tazarar milimita 5 ta lafiyayyen nama ba tare da ya yanke harshe fiye da kima ba.