Darasi na 5: Kunun da ke riƙe ɗan makaranta

Yaron da ya sha koko tsararo ya tafi makaranta, kafin ƙarfe 10 yunwa ta dawo masa. Sai gyangyaɗi a aji, malam na magana ba ya fahimta. Gero kaɗai yana ba da kuzari, amma abin da ke gina jiki a cikinsa bai isa ba. Shi ya sa ake haɗa shi da waken suya da gyaɗa, kuma duka ukun ana samunsu a Tudun Hatsi da sauran kasuwannin Gombe.

Ga awon: gero gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. In babu gero, dawa ko masara ta wadatar.

A tsince kowanne daban. Wajen gyaɗa a natsu sosai: duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta canja launi, a zubar. Fumfunar tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Asarar 'yan ƙwayoyi ba komai ba ce a kan lafiyar yaro.

Waken suya shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, ya kawo kumburin ciki. A wanke shi, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya a kasko ba mai, da wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ya yi ja ya fara ƙamshi. In wuta ta yi yawa, baya zai ƙone ciki kuwa ɗanye. A ɓarza shi a turmi, a bakace ɓawon. Gero da gyaɗa su ma a soya su sama-sama, a murje bayan gyaɗar. A haɗa a kai inji.

Gari ya huce kafin a rufe shi, domin zufarsa ce ke jawo fumfuna. Kada a niƙa fiye da na wata guda, man gyaɗar yana sa ya canja wari.

Da safe a dama babban cokali 4 da ruwan sanyi, a juye cikin kofi ɗaya da rabi na tafasasshen ruwa, a bar shi kan wuta kamar minti 10 ana gaurayawa. Ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zubo kamar ruwa ba.

Kada a haɗa shi da shayi. Ganyen shayi yana tare sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, lemo da gwaiba kuwa suna taimaka wa jiki ya sha shi.

Uwa ta riƙa jan fatar idon yaro ta ƙasa tana dubawa. In ta ga fari fat maimakon ja, ga tafin hannu ya koɗe, ga saurin gajiya, alamar ƙarancin jini ce, a kai shi asibiti. Sau da yawa tsutsar ciki ce ko zazzaɓin cizon sauro. Wata tsutsar ta tafin ƙafa take shiga, don haka ko silifa ne a sa masa, ya kuma wanke hannu da sabulu bayan ya fito daga bayan gida da kafin ya ci abinci.