Yadda ake sake ɗora MySQL a sabar Ubuntu ba tare da an yi asarar bayanai ba

Wani lokaci sai ka kwana kana fama da MySQL, manhajar rumbun bayanai, ka karanta rajistar kurakuransa da ke /var/log/mysql/error.log har idonka ya yi ja, ka gyara nan ka taɓa can, amma ya ƙi tashi. A nan ne zuciya kan ce a goge a sake ɗorawa. Ba laifi, sai dai gaggawa a wannan gaɓar ta sha cinye bayanan da aka yi shekaru ana tarawa.

Fara da buga `df -h` don ka ga wurin da ya rage a faifai. Idan faifai ya cika, ko sau goma ka sake ɗora MySQL ba zai tashi ba.

Idan akwai wuri, tsayar da shi da `sudo systemctl stop mysql`, sannan ka kwafe folda biyu: /var/lib/mysql, inda bayanan suke, da /etc/mysql, inda saitin yake. Yi amfani da `cp -a` don a riƙe mallaka da izinin kowane fayil yadda suke. Ka kai kwafin wata na'ura daban, domin ajiya a faifan da ake zargi ba ajiya ba ce.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci: sake ɗorawa manhajar kawai yake gyarawa, ba ya warkar da teburin da ya lalace. Idan wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kuma rajistar kurakuran tana ambaton InnoDB, wato ɓangaren MySQL da ke adana tebura, buɗe /etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf, a ƙarƙashin [mysqld] ka rubuta `innodb_force_recovery=1`, ka gwada tayar da shi. In ya ƙi, koma 2, sannan 3. Ni a nan nake tsayawa in sake duba kwafina, don daga 4 zuwa 6 bayanan na iya lalacewa har abada. Da zarar ya tashi, kada ka jira komai, fitar da rumbunanka zuwa wani fayil da `mysqldump --databases`, tare da rubuta sunayensu a bayan umarnin.

Sai gogewa: `sudo apt purge mysql-server-8.0`, wanda shi ne ke zuwa da Ubuntu 22.04. Idan ya tambaya ko a share duk rumbunan bayanai, ce masa a'a. Sauya wa tsohuwar foldar suna zuwa /var/lib/mysql.tsoho, ka tabbatar layin nan na innodb_force_recovery ba ya cikin saitin, sannan `sudo apt install mysql-server`.

Shigar da fayil ɗin da ka fitar, ka sake ƙirƙirar masu amfani da izininsu. Saitin kuwa, mayar da shi layi-layi kana sake kunna sabis ɗin, don wataƙila layin da ya jawo matsalar yana ciki. Tsohuwar foldar ta zauna mako guda ko biyu, sai ka ga manhajojinka suna karatu da rubutu lafiya kafin ka share ta.